Tabon da ido ba ya gani: rainon ciki bayan an taɓa yanka mahaifa

Idan mace ta je awon ciki, ungozomar asibiti kan ɗaga riga ta duba mara. In ta ga tabo sai ta ce, "Hajiya, an taɓa yi miki aiki?" Sau da yawa amsar ba ta wuce "E, an yi" ba. Wane irin aiki ne, a ina aka yanka, babu takarda, mai cikin ma ba ta sani ba. To, a kan wannan za mu tsaya a wannan wata, domin tabon fata ba ya nuna inda wuƙar likita ta bi a jikin mahaifa.

Bari mu fara da aikin da ya fi ban mamaki. A shekarar 1981, a birnin San Faransisko na Amurka, Dakta Michael Harrison da abokan aikinsa suka buɗe mahaifar wata mata, suka yi wa ɗan da ke ciki tiyata, suka rufe, cikin ya ci gaba da girma. A yau an fi yin irin wannan aiki ga jaririn da ƙashin bayansa bai rufe ba, har laka ta fito waje. Wani bincike a kan mata 183 da aka buga a 2011 ya nuna amfaninsa: yara 40 cikin 100 da aka gyara tun suna ciki ne suka bukaci bututun janye ruwa daga kai, alhali waɗanda aka bari sai bayan haihuwa sun kai 82.

Amma fa uwa ce ke ɗaukar nauyin. Ana yanka ta ne a sashen mahaifa mai kauri, wanda shi ne ke murɗawa lokacin naƙuda. A wani binciken na 2019, kusan mace ɗaya cikin 10 da suka sake ɗaukar ciki bayan wannan aiki mahaifarsu ta yage, tsakanin mako na 26 da na 32. Yankan tiyatar haihuwa da aka saba yi, a kwance a ƙasan mahaifa, haɗarin yagewarsa bai kai ɗaya cikin 100 ba. Shi ya sa mai yankan ƙasa sau ɗaya za a iya barin ta ta gwada haihuwa da kanta a asibiti, ita kuwa mai yankan sama ba a barin ta ta shiga naƙuda sam.

Kaɗan ne daga cikin matanmu za su gamu da tiyatar ɗan ciki, don a ƴan asibitoci na Amurka da Turai da Barazil aka fi yin ta. Sai dai ƴan'uwan wannan tabo suna nan a unguwanninmu: wadda aka yanka a tsaye don ceton bakwaini, da wadda aka cire wa ƙari mai zurfi daga mahaifa, da wadda mahaifarta ta taɓa fashewa aka ɗinke. Kusan doka ɗaya ce ke kansu. Ana son tazara kafin sabon ciki, shekara biyu ga wadda aka yi wa tiyatar ɗan ciki. Awo ya fara da an ga ɓatan wata, a yi hoton ciki da wuri don a san ainihin makonni, a kuma ga inda mabiyiya ta zauna, saboda in ta kafu a kan tabo tana iya ƙin fita, jini ya ɓalle. Sannan a sa ranar tiyata a mako na 36 ko 37. Wadda ta taɓa haihuwar mai buɗaɗɗen baya kuma, likita kan ba ta folik asid miligiram 4 ko 5 kullum tun kafin ta ɗauki ciki, wato ninki goma na abin da ake ba sauran mata.

Inda gizo ke saƙa shi ne a gida. Mun san yadda ake yabon macen da ta haihu a ɗakinta ba a ji muryarta ba, mun kuma san baƙar maganar da ake yaɓa wa wadda "ba ta iya haihuwa sai an yanka". Sai yarinya ta ɓoye ciwon mara saboda kunyar surukuwa, ko a nemo mata maganin saurin naƙuda, wanda ga mai irin wannan tabo guba ne. Muna roƙon iyayenmu mata su sassauta. Ciwon ciki mai tsanani, ko ganin jini, ko yaro ya rage motsi, ba a kwana da su.

A 2005 gwamnatin Nijar ta mai da tiyatar haihuwa kyauta a asibitocinta, amma ƙaramin asibitin ƙauye ba shi da ɗakin tiyata. Saboda haka maigida ya san tun da wuri inda za a je, ko Issaka Gazoby a Yamai ko babban asibitin yankinsa, ya tanadi kuɗin mota da ƴan'uwa biyu masu ba da jini. In garin da nisa, ko damina ta yanke hanya, uwargida ta koma kusa da asibitin tun da sauran makonni. Takardar da ta bayyana aikin farko kuwa, a koma asibitin da aka yi shi a karɓo ta, a haɗa ta da katin awo a leda ɗaya.