Firigon Gidan Likita: Sanyin da ke Tsare Ƙarfin Magani

Jama'a, kowa ya san zafin bazara a ƙasar Damagaram. A watan Afrilu da na Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Nono yana tsami da wuri, nama yana ruɓewa. Haka ma maganin rigakafi: zafi yana kashe ƙarfinsa. Don haka ne ake ajiye firigo a gidan likita. Wasu suna kiransa firiji.

Yaya firigo yake kawo sanyi?

Ku dubi randa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta. Iska ta busar da shi, ya tafi da zafi, ruwan ciki ya yi sanyi. Aikin firigo ya yi kama da wannan. A jikinsa akwai siraran bututu. A cikinsu akwai wani ruwa na musamman, wanda masu gyara suke kira gas. Ruwan nan yana saurin zama tururi. Yayin da yake zama tururi, sai ya zuƙe zafin da ke cikin firigo. Daga nan inji ya matse tururin, ya fitar da zafin ta baya, ya sake zama ruwa. Haka yake ta zagayawa. Shi ya sa bayan firigo yake da ɗumi.

Gas ɗin da aka daɗe ana amfani da shi sunansa Freon. Masana sun gano yana ɓata wani rufin iska da ke can sama, mai suna ozon, wanda yake tare mana mugun hasken rana. A shekarar 1987 ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a birnin Montiriyal na Kanada don a daina yin sa. Yau firigo da yawa suna aiki da wani gas ɗan uwan gas ɗin dafa abinci. Shi kuwa yana kama wuta. Saboda haka kada a sa wuƙa a kankare ƙanƙarar firigo, don kada a huda bututu.

Tafiyar maganin rigakafi

Yawancin maganin rigakafi yana son sanyi tsakanin digiri 2 da digiri 8. Daga Yamai zuwa birnin Damagaram tafiyar kimanin kilomita 900 ce. Daga nan a kai shi Damagaram Takaya, sannan ƙauyuka da rugage. Ko'ina sai da sanyi: ɗakin sanyi, mota mai sanyi, firigo, da akwatin da ma'aikaci yake ratayawa a kan babur. In sanyi ya yanke a wuri ɗaya, maganin yana iya lalacewa. A yi wa yaro allura, amma baƙon dauro ya kama shi. A da, firigon karkara da kananzir ko gas yake aiki. Yanzu ana ta sa masu aiki da hasken rana.

Sanyi ma in ya yi yawa ɓarna ne. Akwai maganin da yake mutuwa in ya daskare.

Tun shekarar 1996 aka fara sa wata alama a jikin kwalbar maganin shan inna. Da'ira ce mai duhu, a tsakiyarta akwai ɗan fili mai kusurwa huɗu, mai haske. In zafi ya taɓa kwalbar da yawa, filin zai yi duhu kamar da'irar. To, wannan kwalba ba a amfani da ita.

A shekarar 1995 sanƙarau ya kashe dubban mutane a Nijar. A 2010 aka kawo sabon rigakafinsa mai suna MenAfriVac. A 2012 aka amince cewa yana jure zafin digiri 40 har kwana 4. Amma irinsa ba su da yawa.

Sauran amfanin sanyi

A babban asibitin Damagaram, jinin da mutane suka bayar a firigo ake ajiye shi, tsakanin digiri 2 da 6, har ya kai wata guda yana jiran mai haihuwa ko wanda ya yi hatsari. Allurar masu ciwon sukari ma tana son sanyi. Haka rigakafin ciwon huhu na shanu. A Sadore, kusa da Yamai, masana aikin gona suna ajiye irin hatsi da na gyaɗa cikin sanyi shekara da shekaru, don kada irin kakanninmu ya ɓace.

Abin da ya kamata mu yi

Ranar rigakafi mu kai yara da dabbobi da wuri, kafin rana ta yi zafi. Kada mu roƙi ma'aikaci ya sa mana ruwan sha ko nama a firigon magani, domin yawan buɗe shi yana shigar da zafi. Kada mu sayi allurar mutum ko ta dabba wadda aka shanya a rana a kasuwa. Mu taimaka wajen tsare faifan hasken rana na gidan likita daga ƙura da ɓarayi.

Firigon nan na gari ne baki ɗaya. Mu kula da shi, domin rigakafi ya fi magani.