Hayar ɗaki a Damagaram

Zancenmu na yau a kan hayar ɗaki ne cikin birni. Damagaram za mu ɗauka misali, amma mutanen Maraɗi da na Tawa su ma su kasa kunne.

Damagaram ita ce babban birnin Nijar har shekara ta 1926. A ƙidayar 2012 mutanenta sun wuce 200.000. Bayan girbi ƴan cin rani suna shigowa, ga ma'aikata da aka canza ma wurin aiki, ga ɗalibai. Kowa ɗaki yake nema, a Birni, ko Zango, ko Sabon Gari. Baƙo yakan bi ta hannun dillali. Dillali yana da amfani, amma ku tuna ladansa a kan shigarku yake. Bayan nan ba ruwansa. Kada ku ba shi ko dala sai kun ga ɗakin da idonku, kun ga mai gidan.

In kun je, ku fara tambayar ruwa. Garin a kan dutse yake, ruwan pampo daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Arunguza da Ganaram. Da bazara wasu unguwanni sukan kwana biyu pampo bai kawo ba, sai a koma ga mai ga-ruwa. Ɗaki mai araha a unguwar da ba ruwa yana iya fin mai tsada cin kuɗɗi. Ƴan hayar da kuka tarar cikin gidan za ku tambaya, musamman mata, su suka san gaskiya. Sannan ku ɗaga kai ku dubi rufi da bango. Da rani kowane ɗaki lafiya lau yake, amma yoyon damana yakan bar tabo. Ku leƙa salga kuma, ku ji mutum nawa ke shigarta.

Yanzu zancen kuɗɗi, nan ne karatunku zai yi muku rana. Mu da baki dala muke ƙirgawa, takarda kuwa tamma take rubutawa. Dala ɗaya tamma 5 ce. Jikka ɗaya dala 200 ce, a takarda 1.000 F. To, a ce kuɗɗin ɗaki jikka goma ne a wata, wato dala 2.000. Abin da ya kamata ku gani a takarda shi ne 10.000 F. In yaron mai gida ya rubuta 2.000 don yana ƙirgen dala, duk wanda ya karanta zai ce jikka biyu kuka biya. Jikka takwas sun ɓace ke nan, ba tare da kowa ya yi nufin cuta ba. Saboda haka a rubuta kuɗɗin sau biyu, da lamba da kuma baƙaƙe.

Kuɗɗin shiga iri biyu ne, mutane da yawa suna haɗa su. Akwai na gaba, wato hayar watannin da ba ku zauna ba tukuna. Akwai na ajiya, wanda mai gida ke riƙewa saboda ɓarna. In an ce wata biyu na gaba da wata ɗaya na ajiya, 30.000 F za ku ƙirga. A ciki 20.000 F zama zai cinye, 10.000 F kuwa naku ne, ranar tashi a maido muku in ba ku ɓata kome ba. Wannan na ajiya shi ya fi kawo rigima. Ranar shiga ku rubuta duk abin da kuka tarar a lalace, ƙyaure ne ko taga ko kuba, gaban shaidu biyu, kowa ya sa hannu. Wani zai ce ai wannan rashin yarda ne ga dattijo. A ganina ba haka ba ne. Dattijo yana mantuwa, yana tafiya, yana rasuwa, magada kuwa ba su san alkawarin da kuka yi a zaure ba.

Sai kuran. Gidajen haya da yawa kontar ɗaya gare su. Ku roƙi a nuna muku takardar Nigelec ta ƙarshe, kada ku gaji bashin wanda ya tashi. Ku karanta lambar da ke jikin kontar ranar shiga, ku rubuta. A kuma shirya rabon tun da wuri: mai ƙwan fitila ɗaya bai kamata ya biya daidai da mai firiji ba.

Kowane wata in kun biya, ku karɓi resi, ko da mai gidan ɗan'uwanku ne. In ba ya da takarda, ku sayi ƙaramin kaye, ku rubuta da kanku, shi ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. In saɓani ya taso, wurin mai unguwa ake fara zuwa, in ta ƙi a tafi gaban alƙali. Duka biyun za su tambaye ku shaida.

A makon nan, kowa ya gwada rubuta resi ɗaya a gaban malaminsa: kwanan wata, watan da aka biya, yawan kuɗɗi, sunan mai biya, sunan mai karɓa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.