Ba ni gishiri in ba ka manda: yadda ƙungiyar Hawthorn ta ci kasuwar ƴan ƙwallo a Ostiraliya

Kun saba jin an sayi ɗan ƙwallo a Turai da miliyoyin kuɗi. To yau ga labarin wata kasuwa da ke ci sau ɗaya a shekara a ƙasar Ostiraliya, inda ake cinikin ƴan wasa ba tare da wata ƙungiya ta biya ƴar'uwarta kuɗin saye ba. Kaya ake badawa a karɓi kaya, kuma wanda ya yi kuskuren ciniki yakan shekara biyar ko fiye yana biyan asara.

Ƙwallon nasu ba irin namu ba ne. Siffar ƙwai gare shi, haka ma filin, kowane ɓangare yana da mutum 18, ana bugu da ƙafa ana kamawa da hannu. Wanda ya buga ƙwallo ya ratsa tsakanin dogayen sanduna biyu na tsakiya ya samu maki 6. Babbar gasar, wadda ake kira AFL, tana da ƙungiyoyi 18. Ana farawa cikin watan Maris, a yi wasan ƙarshe a ƙarshen Satumba a birnin Melbon, gaban mutum wajen dubu 100. Da an ɗauki kofi sai kasuwa ta buɗe cikin Oktoba.

Dokokin kasuwar

Doka ta farko ita ce ta layi. Tun shekarar 1986 ƙungiya ba ta da ikon zuwa ta kwashi samarin da suka fi iyawa don tana da kuɗi. Cikin Nuwamba ake jera sunayen matasa, ƙungiyoyi su bi layi kowace ta ɗauki ɗaya, a sake zagayowa. Wadda ta zo ta ƙarshe a gasa ita ce ta farko a layi, mai kofi kuwa ita ce a baya. Doka ta biyu, akwai iyakar albashin da kowace ƙungiya za ta biya ƴan wasanta gaba ɗaya, mai arziki da talaka duk ɗaya. Doka ta uku, ana iya musayar ɗan wasa da ɗan wasa, ko ɗan wasa da lambar layi, muddin shi ɗan wasan ya yarda. Daga 2015 har lambar baɗi ana iya saidawa tun bana, wato cin bashi ke nan.

Saboda haka kowace shekara tambaya ɗaya ce gaban shugabannin ƙungiya: a saida hatsin da ke rumbu a sayi iri, ko a bada iri a karɓi hatsi a ci yanzu? Ƙungiyar Hawthorn, ta wata unguwa a gabashin Melbon, ta gwada duka biyun, ta ga riba ta ga asara.

Shekarun sayen iri

A 2001 Hawthorn na da ƙarfi, saura wasa ɗaya ta kai ga na ƙarshe. Duk da haka ta ɗauki Trent Croad, saurayi mai shekara 21 da magoya baya ke so ƙwarai, ta haɗa da Luke McPharlin ta ba ƙungiyar Fremantle, ta karɓi lamba ta 1, ta 20 da ta 36. Magoya baya suka fusata, suna ganin an bada abin hannu don abin da ba a gani ba. Da lamba ta 1 aka ɗauki Luke Hodge, yaro mai shekara 17 daga garin Colac. Da ta 36 aka ɗauki Sam Mitchell, wanda a shekarar da ta gabata duk ƙungiyoyi suka tsallake shi, wai gajere ne kuma ba shi da gudu. Su biyun nan daga baya kowanensu ya zama kyaftin, kowanensu ya ci kofi huɗu. Shi kuwa Croad, bayan shekara biyu Hawthorn ta sake sayo shi da lamba ta 10.

Amma riba ba ta zo da wuri ba. A 2004 ƙungiyar ta ci wasa 4 kacal cikin 22, ta zo ta 15 cikin 16 da ake da su a lokacin. Aka naɗa sabon mai horarwa, Alastair Clarkson, mai shekara 36. Faɗuwar nan ta ba su lamba ta 2 da ta 5. Suka kuma saida babban mai ci musu ƙwallo, Nathan Thompson, ga North Melbourne, suka juya abin da suka samu har ya zama lamba ta 7. A rana ɗaya suka ɗauki Jarryd Roughead, Lance Franklin da Jordan Lewis.

A nan ne ake gane mai idon kaya. Ƙungiyar Richmond ce ke da lamba ta 4, Franklin na gabanta, ta tsallake shi ta ɗauki wani. Franklin ya ci ƙwallo 113 a shekarar 2008 kaɗai, kuma kafin ya bar wasa a 2023 ya ci 1066. Zama a gaban layi bai isa ba in ba a san abin da za a ɗauka ba.

Yaran suka sha kashi a 2005 da 2006, shugabanni suka daure ba su kori mai horarwa ba. A 2008 suka haɗu a wasan ƙarshe da Geelong, wadda sau ɗaya tak aka doke ta a duk shekarar, suka cinye ta da tazarar maki 26.

Shekarun sayen hatsi

Daga nan sai dabara ta juya. Mai ƙarfi lambarsa na can bayan layi, inda kaya masu kyau sun riga sun ƙare, kuma yaron da aka ɗauka yau sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya nuna. Hawthorn ta ga tana da gwanaye a hannu waɗanda ba za su dawwama ba, sai ta shiga bada lambobi tana karɓar manya, kowane don toshe wata kafa da aka sani.

A ƙarshen 2009 ta bada lambarta ta zagayen farko cikin cinikin Shaun Burgoyne na Port Adelaide, alhali yana fama da ciwon gwiwa. Aka yi ta cewa an sayi gurgu. Mutumin nan bai bar wasa ba sai a 2021, da wasanni 407 a rayuwarsa. A 2012 Sidni ta doke Hawthorn a wasan ƙarshe da maki 10, aka ga rashin ƙaton mai tsaron baya na cikin abin da ke damunta. Sai aka sayo Brian Lake, mai shekara 30, daga Western Bulldogs. Shekara na zagayowa Hawthorn ta ɗauki kofi, kuma Lake ne aka zaɓa gwanin wasan ƙarshe.

A 2013 ɗin ne Franklin ya tafi. Tun 2012 an fito da dokar da ta ba ɗan wasan da ya daɗe a ƙungiya damar tafiya inda yake so in yarjejeniyarsa ta ƙare. Sidni ta ba shi shekara 9 a kan wajen dalar Ostiraliya miliyon 10, abin da ya haura miliyar 4 na sefa a canjin lokacin. Hawthorn na da ikon biyan daidai wannan farashi ta riƙe shi, amma ba ta yi ba, domin albashi yana da iyaka, abin da aka ba mutum ɗaya daga bakin saura ake cire shi. A 2014 ta haɗu da Sidni da Franklin a wasan ƙarshe, ta doke su da maki 63. A 2015 ta sake ɗauka a kan West Coast, kofi uku ke nan a jere.

Inda ciniki ya ɓaci

Daɗin riba ne ya ja su. A ƙarshen 2016 gwanayen sun tsufa, lokacin komawa sayen iri ya yi. Hawthorn ta sallami Mitchell da Lewis a kan lambobin can ƙarshen layi, amma maimakon ta tara matasa sai ta ci gaba da sayen hatsi. Ta bada lambar zagayen farko don Tom Mitchell, wani ɗan wasa dabam daga Sidni. Ta saida ta baɗi don ta samu Jaeger O'Meara, wanda ciwon gwiwa ya hana shi babbar gasa shekara biyu. A 2018 ta sake bada wata don Chad Wingard. Shekara uku a jere, 2016, 2017 da 2018, ba ta ɗauki yaro ko ɗaya a zagayen farko ba.

Ba wai kayan ba su da kyau ba ne. Tom Mitchell ma shi aka zaɓa gwanin gwanayen gasar a 2018, kafin ya karye a ƙafa ya rasa 2019 gaba ɗaya. Matsalar ita ce rumbun ya riga ya zube, buhu biyu ko uku ba za su cika shi ba, ga shi kuma babu shuka a gona. Daga 2019 zuwa 2023 Hawthorn ba ta shiga ko zagayen neman kofi ba. Clarkson ya bar aiki a ƙarshen 2021.

Wanda ya gaje shi shi ne Sam Mitchell, yaron nan na lamba ta 36. A ƙarshen 2022 ya yi abin da aka yi a zamaninsa: ya sallami Tom Mitchell da O'Meara da Jack Gunston, ya ba yara fili. Aka zage shi, ƙungiya ta zo ta 16 cikin 18 a 2023, Tom Mitchell kuwa ya je ya ci kofi da Collingwood a shekarar. A 2024 aka doke su a wasanni biyar na farko, sannan yaran suka farka, irin su Will Day, Jai Newcombe da Nick Watson, suka shiga zagayen neman kofi har suka ci wasa ɗaya a ciki, karo na farko tun 2015. Da aka ga shuka ta fara kai, sai aka koma kasuwa aka kawo manyan masu tsaron baya biyu, Tom Barrass da Josh Battle. A 2025 saura wasa ɗaya su kai ga na ƙarshe Geelong ta tare su.

Kofi 13 ke ga Hawthorn a tarihinta, na ƙarshe shi ne na 2015. Ko yaran Mitchell za su kawo na 14, Allah kaɗai ya sani. Abin da dai ya tabbata shi ne, sayen manya da ya ba ta kofi uku a jere shi ne kuma ya jefa ta shekara biyar a rami. Dabarar ba ta canza ba, lokacin ne ya wuce ba a lura ba. Wanda duk ya taɓa sayen kaya da tsada ana gab da faɗuwar farashi ya san wannan ciwo.