Bairas: Ƙwayar Cutar Da Ba Ta Hayayyafa Sai A Jikin Wani

A daminar 1975 manoman gyaɗa a arewacin Najeriya sun ga tashin hankali. Ganye ya koma ruwan ɗorawa ya nannaɗe, shuka ta tsugune ta daina girma, da aka zo cira kuma babu abin kirki a ƙasa. An ƙiyasta cewa cutar ta lalata kimanin hekta dubu 700 a shekarar kaɗai, kuma tana cikin abubuwan da suka durƙusar da noman gyaɗar da ƙasar Kano ta yi suna a kansa. Wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye ne suka riƙa yawo da ita daga gona zuwa gona, amma mai ɓarnar na ainihi wata ƙwaya ce da babu manomin da ya taɓa ganin ta da idonsa.

Dangin wannan ƙwaya ne ke kawo ƙyanda da shan inna da zazzaɓin Lassa da haukar kare da murar tsuntsaye da ƙanjamau da korona, har da murar da ke damun mutane lokacin hunturu. Masana suna kiran su bairas.

A gonar taba aka fara gano su. A 1892 wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Dmitri Ivanovsky, ya matse ruwan ganyen taba mai cuta, ya tace shi da matacin da ke tare bakteriya, sannan ya shafa wa lafiyayyen ganye. Ganyen ya kamu. Bayan shekara 6 Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya sake gwajin, ya kuma lura da wani abu: wannan mai kawo cuta ba ya ƙaruwa ko kaɗan sai a cikin ganye mai rai. Sai a 1939 aka ga siffarsa, bayan an ƙera madubin bincike mai aiki da lantarki. Ba abin mamaki ba ne da aka daɗe haka. A tsakanin ƙananan layuka biyu na rular 'yan makaranta, wato milimita ɗaya, za a iya jera ƙwayoyin shan inna sama da 30,000.

Idan aka buɗe bairas, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Akwai wani siririn zare mai ɗauke da umarnin yadda za a ƙera ta, ko na DNA ko na RNA, sai kwanson furotin da ya rufe zaren. Wasu suna da ƙarin mayafi na kitse a waje, da 'yan ƙayoyi da suka tsiro a jikinsa. Shi ke nan. Umarnin da ke cikin ƙwayar shan inna haruffa ne kimanin 7,500, na korona kimanin 30,000, alhali na ɗan Adam ya kai biliyan 3. Bairas ba ta ci, ba ta numfashi, ba ta girma, ba ta da abin da za ta haɗa furotin ko guda ɗaya da shi. Bakteriya in ta sami romo ko abincin da ya kwana, da kanta take rabewa biyu ta yi yawa. Ita kuwa bairas in ta faɗi a kan tebur, haka za ta zauna har ta lalace. Wannan ya sa har yanzu masana ke ja-in-ja a kan ko za a sa ta cikin masu rai.

To ta yaya abin da ba ya ko motsi ke kwantar da ƙato?

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi masu rai, tiriliyoyi, kowace tana da kayan aikin haɗa furotin da na kwafar umarni. Waɗannan kayan aiki su bairas ke nema. Da farko sai ta manne a bayan ƙwayar jiki, kuma ba ko'ina take iya mannewa ba, sai inda ƙayarta ta dace da wani furotin na musamman. Korona tana kama wanda ake kira ACE2, da ke hanci da maƙogwaro da huhu. HIV, ƙwayar ƙanjamau, tana kama CD4, wanda ke jikin wasu fararen ƙwayoyin jini masu jagorantar garkuwar jiki, shi ya sa mai ita yake zama abin tausayi gaban tarin fuka da sauran cututtuka. Wannan zaɓe shi ne dalilin da ya sa bairas ɗin rogo ba ta kama mai cin rogo.

Da ta manne sai ta shige, ko dai mayafinta ya narke cikin fatar ƙwayar jikin, ko ƙwayar ta haɗiye ta da kanta tana zaton abin amfani ne. A ciki sai kwanson ya buɗe, zaren umarni ya fito. Abin ya yi kama da shagon tela da wani baƙo ya shigo ba shi da keke, ba shi da zare ko yadi, sai takardar awo kawai. Ya ajiye ta a kan tebur, yaran shago suka ɗauka ta maigida ce, suka ture ɗinkin mutane gefe, suka kwana suna ɗinka irin rigar baƙon da yadin maigida da wutar maigida. Haka ƙwayar jiki ke barin aikinta ta koma kwafar zaren bairas da haɗa sababbin kwansuna. Ɓangarorin suna harhaɗuwa da kansu. Ƙwayar shan inna guda ɗaya tana iya zama dubbai cikin kimanin awa 8, sannan ƙwayar jikin ta fashe su watse. Masu mayafi, irin su mura da HIV, sun fi fita a hankali, kowace ta yago ɗan fatar ƙwayar ta lulluɓe kanta da shi.

Abin da ke biyo baya ya danganta da inda aka yi ɓarnar. Shan inna a hanji take hayayyafa, kuma yawancin yaran da ta kama ba sa nuna wata alama, suna dai zubar da ita a bayan gida. Amma a kimanin mutum 1 cikin 200 takan kai ga lakar baya ta kashe jijiyoyin da ke motsa ƙafa, su kuwa ba sa sake tsirowa. Haukar kare tana bin jijiya ne sannu a hankali daga wurin cizo zuwa ƙwaƙwalwa. Wannan jinkiri shi ne damar da likita ke da ita: a wanke ciwon da sabulu na minti 15, a fara allura a ranar. Da zarar alamu sun bayyana, kusan babu mai tsira. Zazzaɓi da ciwon jiki da majina kuwa, galibinsu alamar jiki ne yana faɗa da cutar.

Wasu ba sa tafiya bayan an warke. Ƙwayar ƙarambau takan laɓe a jijiya shekaru da dama, ta dawo da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki idan mutum ya manyanta. HIV ta fi kowa wayo a nan, domin takan juya RNA ɗinta zuwa DNA ta saƙa shi cikin na mutumin. Magungunan da ake sha kullum suna hana ta kwafar kanta har ta kai gwaji ba ya ganin ta a jini, amma ba sa cire abin da ta riga ta saƙa. In an daina sha sai ta farfaɗo.

Kwafa da gaggawa ba ta rasa kuskure, musamman ga masu RNA. Yawancin kurakuran suna nakasa ƙwayar, amma jefi-jefi ɗaya yakan ƙara mata saurin yaɗuwa ko ya sauya kamanninta har garkuwar jiki ta kasa gane ta. Daga nan nau'o'in korona na Delta da Omicron suka fito, kuma saboda haka ake sabunta rigakafin mura kowace shekara. Ƙyanda ba ta da wannan sa'a: in ta sauya ƙayarta da yawa ba za ta iya shiga jiki ba, shi ya sa rigakafinta da aka fara a 1963 har gobe yana aiki.

Mayafin kitsen nan ma rauni ne. Sabulu yana narkar da shi, ƙwayar ta mutu murus, ko korona ce ko Ebola ko Lassa. Marasa mayafi, irin su shan inna da rota mai sa yara gudawa, sun fi taurin kai, suna daɗewa a ruwa suna kuma jure tsamin ciki. Su sai dai kumfa da ruwa su wanke su daga hannu, a kuma kiyaye ruwan sha. Lassa, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, daga fitsari da kashin wani nau'in ɓera take shiga abinci, don haka rufe hatsi da daina shanya a bakin titi suna cikin maganinta.

A nan ne ya kamata masu zuwa kemis da mura suna neman amfikulos ko ja da yalo su tsaya su yi tunani. Waɗannan magunguna antibayotik ne, shi kuwa antibayotik yana aiki ne ta rushe bangon bakteriya ko lalata kayan aikinta. Bairas ba ta da ko ɗaya daga ciki. Mai mura da ya sha kafso ya warke bayan mako ɗaya, garkuwar jikinsa ce ta warkar da shi. Abin da kafson ya yi shi ne koya wa bakteriyar da ke jikinsa jure magani, wanda zai iya zame masa matsala ranar da ya kamu da taifot.

Babban makami shi ne rigakafi, wanda ke nuna wa garkuwar jiki kamannin ƙwayar tun kafin ta iso. Da shi aka kawar da agana daga duniya a 1980, da shi kuma aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar shan inna ranar 25 ga Agusta, 2020, shekara 4 bayan an ga ta ƙarshe a Borno. Ƙyanda kuwa tana nan, tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita, kuma cikin yara 10 marasa rigakafi da suka yi cuɗanya da shi, 9 kan kamu. A Najeriya ana yi wa yaro allurarta ta farko yana wata 9, ta biyu yana wata 15, kyauta a asibitocin gwamnati.