Lissafin sauro da lissafin jini: abin da masana suka gano game da zazzaɓin palu

'Yan uwa masu karatu, a wannan fitowar mun ɗauko ilimin lissafi ne, amma ta ɓangaren da ya shafi kowane gida a Lalala. Ruwa ya dawo, magudanai sun cika, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya: yara da zafin jiki, iyaye da zirga-zirgar asibiti da farmasi. Zazzaɓin cizon sauro, wanda muka fi kira palu a nan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 ya kama mutane sau miliyan 263 a duniya, ya kuma yi sanadin rasuwar kimanin 597,000. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan adadi a Afirka yake, kuma mafi yawan waɗanda suka rasu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A Kano ko Maradi cutar kan yi ƙamari da damina ta lafa da rani. A Libreville, inda ake yin wata takwas ko tara ana ruwa, kusan babu hutu.

To me ya haɗa lissafi da sauro? Amsar tana cikin kalma ɗaya, wato ninkawa. Wanda ya gane yadda abu ke ninkuwa zai gane dalilin da ya sa likita yake faɗa idan aka makara, da dalilin da ya sa gidan sauro ya fi ƙarfin yadda muke ganinsa.

Mu fara da cikin jini. Ƙwayar cutar da ta fi yawa a Gabon ita ce falsifarum. Bayan ta yi kamar mako guda a hanta, sai ta shiga jajayen ƙwayoyin jini. Kowace sa'a 48 ƙwayar jinin da ta shiga takan fashe, sababbi su fito su kama wasu. A jikin wanda bai saba da cutar ba, kamar ƙaramin yaro, yawansu kan iya ninkawa kusan sau goma a kowane kwana biyu. Ku lissafa da kanku: kwana biyu, goma; kwana huɗu, ɗari; kwana shida, dubu. Yaron da aka ce a bari a gani ranar Litinin, kafin Lahadi abin da ke jininsa yana iya ninka na farko sau dubu. Masu binciken yadda sassan jiki ke motsi da gudana sun nuna wani abu kuma. Lafiyayyar ƙwayar jini tana da laushi, takan lanƙwashe ta wuce ta jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta. Wadda cutar ta shiga kuwa takan yi tauri da danƙo, ta manne a bangon ƙananan jijiyoyi. Idan hakan ya faru a ƙwaƙwalwa, shi ne ake ganin yaro ya fara suma ko jijjiga.

Maganin ma da wannan lissafi aka tsara shi. Magungunan da ke ɗauke da sinadarin artemisinin suna rage ƙwayoyin cutar da kusan ninki dubu goma a zagaye ɗaya na kwana biyu. Shi ya sa jiki kan yi sauƙi tun rana ta biyu. Amma mai zazzaɓi yana iya ɗauke da biliyoyin ƙwayoyi, kuma idan ka raba biliyan goma da dubu goma, miliyan guda ta rage. Kwana ukun da ake rubutawa an yi su ne don maganin ya riski zagaye biyu, sannan abokin haɗinsa, wanda ya fi daɗewa a jini, ya share sauran. Wanda ya tsaya a rana ta biyu don ya ji sauƙi ya bar iri ke nan, kuma irin zai sake ninkawa.

Yanzu mu koma wajen sauron. Wani likita Bature ɗan Ingila, Ronald Ross, shi ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya a shekarar 1897, aka ba shi kyautar Nobel a 1902. Ross mai son lissafi ne, sai ya rubuta yadda cutar ke kai-komo tsakanin mutum da sauro a matsayin ƙa'idar lissafi. Abin da ƙa'idar ta nuna ya ba mutanen zamaninsa mamaki: ba lallai ne a kashe sauro duka ba. Akwai wani mizani da idan yawan sauro ya sauka ƙasa da shi, mai cutar guda ba zai iya harbar da cikakken mutum guda ba, sai cutar ta yi ta raguwa da kanta.

A shekarun 1950 George Macdonald ya ɗora a kan wannan aiki a Landan, ya gano inda sauron yake da rauni. Macen sauro da ta sha jinin mai cuta ba ta iya harbin wani nan take. Sai ƙwayar ta yi kamar kwana 10 zuwa 14 tana girma a cikinta, gwargwadon zafin gari. Sauro kuwa gajeren rai gare shi. Bari mu yi misali da kwana 12. A ce a kowace rana sauro 90 cikin 100 ke kai gobe. Idan ka ninka tara bisa goma a kansa sau 12, za ka samu kimanin 28 cikin 100 ne za su rayu har su iya harbi. To a ce an rage, 80 cikin 100 ke kai gobe. Da ido ragin goma ne kawai, amma bayan kwana 12 kimanin 7 ne za su rage a maimakon 28. Kun ga ninkawar nan da ta cutar da mu a cikin jini, a nan ita take mana aiki. Gidan sauro mai magani yana yin abu biyu: yana tsare wanda ke ciki, yana kuma kashe sauron da ya sauka a kansa tun bai tsufa ba. Saboda haka gidan sauron maƙwabcinka yana kare ɗanka, naka ma yana kare nasa, muddin mafi yawan gidajen layin suna ratayawa.

Irin waɗannan ƙa'idoji idan suka yi yawa ba a iya warware su da alƙalami a zama ɗaya. Abin da ake yi shi ne a bi su taki-taki: a ɗauki adadin yau, a lissafa abin da zai ƙaru da abin da zai ragu kafin gobe, a samu adadin gobe, a sake. Leonhard Euler ya bayyana wannan hanya tun ƙarni na 18, yau kuma kwamfuta ke yin takun sau miliyoyi. Ɗaliban fara'id ba za su ga baƙon abu a nan ba, domin littafin aljabara na Alkhawarizmi, wanda aka rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, babban sashensa a kan wasiyya da rabon gado yake. Bin ƙa'ida mataki-mataki har a kai ga rabon kowa, ai shi ne tushen abin.

Wani abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, babban gwajin wannan lissafi a ƙasar Hausa aka yi shi. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da bincike a Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. An yi ta ɗibar jinin mutanen ƙauyuka ana dubawa, ana ƙirga cizon sauro da dare. A 1972 da 1973 aka fesa maganin propoxur a bangon ɗakuna, a wasu ƙauyukan aka haɗa da raba wa kowa magani. Klaus Dietz da Louis Molineaux da abokin aikinsu Thomas suka fitar da ƙa'idar lissafin Garki a 1974, wadda ta sa garkuwar jiki a cikin lissafin. Sakamakon ya zo da darasi biyu. Cutar ta ragu sosai, amma ba ta yanke ba, domin wani kaso na sauron a waje yake hutawa bayan ya sha jini, feshin bango bai same shi ba. Da aka daina aikin kuma, ta dawo yadda take. Har yau masana a duniya suna gwada sababbin ƙa'idojinsu da alƙaluman mutanen Garki.

Gabon ma tana da nata kason. A Lambarene, inda Albert Schweitzer ya kafa asibiti a 1913, akwai cibiyar bincike ta CERMEL mai aiki tare da Jami'ar Tubingen ta Jamus. Tana cikin wurare 11 a ƙasashen Afirka 7 da aka yi babban gwajin rigakafin RTS,S daga 2009 zuwa 2014, da yara sama da 15,000. An raba yaran ta hanyar ƙuri'a, wasu suka sami rigakafin, wasu suka sami wata allurar ta daban, aka ƙirga zazzaɓin kowane rukuni. Yaran da aka fara yi wa suna da wata 5 zuwa 17 suka kuma karɓi allura huɗu, zazzaɓinsu ya ragu da kimanin kashi 36 cikin 100 a cikin kusan shekara huɗu. Wani zai ce kaɗan ne. Amma inda yaro ke kwanciya sau biyu ko uku a shekara, sulusin miliyoyi ba kaɗan ba ne, shi ya sa Hukumar Lafiya ta amince da shi a Oktoba 2021. Wani binciken lissafi da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa daga 2000 zuwa 2015 an kauce wa kamuwa sau miliyan 663 a Afirka, kuma kimanin kashi 68 cikin 100 na wannan nasara gidan sauro ne ya kawo ta.

To 'yan uwa, abin da ya rage namu ne. Yaro ya yi zafin jiki, a kai shi gwajin jini a ranar, kada a jira kwana uku. An rubuta magani, a shanye shi duka bisa nauyin yaron, kada a ajiye rabi don ƙaninsa. Gidan sauro a rataya kowane dare, har lokacin rani, a ɗinke inda ya yage, a fara da masu ciki da ƙanana. A cike ƙananan kududdufan da ke ƙofar gida, don a nan sauron palu ya fi son yin ƙwai. 'Ya'yanmu kuma da ke ƙorafin darasin lissafi a lakwal, a gaya musu inda yake kaiwa: akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Masuku a Franceville, akwai ta ilimin lafiya a Owendo, nan kusa da mu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya amfanar da mu da abin da muka karanta. Wassalamu alaikum.