Ko Ka Sani? Sandar Fatsar da ke Ajiye Ƙugiya Ba Motsi

A Amurka akwai kifin da ake kira bass, mai son laɓewa cikin ciyayi da kututtukan ruwa. In ka yi masa jifa mai ƙarfi, ƙugiya ta faɗa ruwa "tsulum", ya gudu ke nan. Shi ya sa masuntan can suka ƙware a wani jifa na lilo: mutum ya riƙe tanar roba a tafin hagu, ya sunkuyar da bakin sanda, ya saki tanar yana ɗaga sandar, sai ta tafi ƙasa-ƙasa a saman ruwa ta sauka shiru kamar ganye.

Tushen abin a Kalifoniya yake. Wani masunci mai suna Dee Thomas ya saba zura tana cikin ciyayi da sanda mai ƙafa 12, kamar yadda yaranmu ke yi da gora a bakin kogi. Abokan gasar kamun kifi suka yi ƙorafi kan tsayin sandar, ya rage ta zuwa ƙafa 7 da rabi, kuma a 1975 ya lashe gasar Bassmaster a tafkin Bull Shoals.

Jifan lilo yana son sanda mai ƙafa 7 zuwa 7 da rabi, wato mita 2 da ɗan ɗoriya. Tsayi ke ba tana nisa. Amma gajeren mutum da ke tsaye a gaɓa, in ya ɗauki doguwa, bakinta zai yi ta taɓa ruwa kafin jifa ya tashi. A ganina gara ya rage inci kaɗan.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne ƙarfi da lanƙwasa, alhali abu biyu ne. Ƙarfi shi ne nauyin da sanda ke ɗauka kafin ta rusuna. Lanƙwasa kuwa wurin da take rusunawa. Ana son mai ƙarfin gindi, wadda bakinta kaɗai ke lanƙwasa. Bakin ne ke cilla tana mai dalma giram 10 zuwa 14 a hankali, shi ne kuma ke sanar da hannu cewa kifi ya taɓa. Gindin kuwa aikinsa na daƙiƙa biyu ne: soka ƙugiya mai kauri, da fizgo kifin kafin ya naɗe zare a jikin saiwa. Sanda mai laushi a nan takan rusuna har hannu, kifi ya koma cikin ciyayi da ƙugiyarka.