Sa'ada a Rayuwar Mai Barin Shaye-shaye da Iyalinsa

Malaman tarbiyya sun bambanta tsakanin lazza da sa'ada. Lazza daɗi ne da yake zuwa ya wuce, ya bar mai shi cikin neman ƙari. Sa'ada kuwa natsuwa ce da take zama a zuciya ko da jiki yana cikin wahala, kuma ita ce kyakkyawar rayuwar da aka yi wa mai imani da aikin ƙwarai alkawari a aya ta 97 ta Suratun Nahli. Mai fama da barin shaye-shaye yana buƙatar sanin wannan bambanci fiye da kowa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kan shekarar 2017 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Bayan kowannensu akwai gida.

Likitoci sun bayyana cewa ƙwayoyi irin su tiramadol da kodin suna tilasta wa ƙwaƙwalwa sakin sinadarin dofamin fiye da kima, har ta saba, ta daina amsa wa ƙananan abubuwan jin daɗi na yau da kullum. Idan mutum ya daina, sai ya shafe makonni ko watanni abinci ba ya masa daɗi, hira tana gundurarsa, barci yana gagararsa, ibada ma ba ya jin zaƙinta. A nan haɗarin yake. Saurayin da ya tuba da gaske, ya koma sahun farko, amma ya ji zuciyarsa a bushe, yana iya zaton Allah bai karɓi tubarsa ba. Iyalinsa kuma su ga ƙuncinsa su ce da ma ba da gaske yake ba, ko su ɗora abin kan sammu. Alhali sharuɗɗan tuba da malamai suka ambata su ne barin saɓon, da nadama, da ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙin mutane. Jin zaƙi ba ya cikinsu. Wajibi ne malamin da ke yi wa irin wannan saurayi nasiha ya gaya masa tun farko cewa wannan bushewar wani mataki ne na warkewar jiki.

Haramcin giya ya sauka ne daki-daki: aya ta 219 ta Baƙara, sannan ta 43 ta Nisa'i, sannan ta 90 da 91 na Ma'ida. A ruwayar Buhari, Nana A'isha (Allah Ya yarda da ita) ta bayyana cewa da hanin ne ya fara sauka kafin imani ya zauna, da mutane sun ƙi bari. Hukunci dai ya riga ya tabbata, babu wanda zai kafa hujja da wannan don ya ci gaba da sha. Darasin yana cikin tarbiyya, cewa ana gina zuciya ne kafin a ɗora mata nauyi. Amma rage magani sannu a hankali ƙarƙashin kulawar likita babi ne na neman magani, domin yanke giya ko ƙwayoyin sa barci farat ɗaya ga wanda ya daɗe a kansu yana iya jawo jijjiga, har ma da rasa rai.

Komawa ruwa bayan an daina shi ne abin da ya fi karya zuciyar iyaye. Buhari ya ruwaito labarin sahabin da ake kira Abdullahi, wanda aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda giya. Da wani ya tsine masa, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An zartar masa da hukunci, amma ba a tuɓe masa rigar 'yan'uwantaka ba. Abin da aka gano a wata cibiya a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda aka tarar da ɗaruruwan mutane, wasu a cikin mari, ya yi hannun riga da wannan shiriya, ko da kyakkyawar niyya ce ta kai iyaye can. Haka nan al'adar yi wa mashayi aure domin ya natsu: sau da yawa ana sauke nauyin ne a kan 'yar mutane da ba a gaya mata gaskiya ba, kuma wannan ha'inci ne.

Tausayi bai ƙunshi ba shi kuɗin da aka san inda za su tafi ba, ko biyan bashinsa a ɓoye kullum. Ya ƙunshi canza masa majalisa, kamar yadda malamin nan ya umarci mutumin da ya kashe rai ɗari ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki. Ya ƙunshi cike masa yini da sana'a ko karatu, da raka shi asibitin ƙwaƙwalwa irin na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna ba tare da jin kunyar maƙwabta ba.

Su ma iyalin suna da haƙƙi a kan kansu. Uwar da ta daina zuwa biki da suna saboda gori, da uban da ke ganin tarbiyyarsa ce ta gaza, suna buƙatar a tuna masu cewa ɗan Annabi Nuhu ya bijire alhali mahaifinsa bai yi sakaci ba, kuma babu ran da ke ɗaukar laifin wani. Ƙannen mara lafiya, waɗanda ake mantawa da su shekara da shekaru saboda hankalin gida ya koma wuri ɗaya, su ma ciyar da su da sauraronsu yana nan a wuyan iyaye, ko yayansu ya warke a bana ko bai warke ba.